Huɗu da Ɗigo Bakwai

Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau ba ni da ƙarfin doguwar gaisuwa, ku gafarce ni. Wasunku sun yi ta aiko min saƙo suna yabona, wai Nabila mai hankali, Nabila da ta tsaya wa masoyinta. Ku karanta na yau tukuna, in kun gama sai ku ga ko yabon zai sake fitowa daga bakinku.

Ga waɗanda suka shigo yanzu, sunana Nabila Garuba, gidanmu yana unguwar Kpakungu a Minna. Bara na gama karatun injiniyan kwamfuta a jami'ar da ke Bosso, ina zaune ina jiran tafiya bautar ƙasa. Wanda nake so sunansa Kamalu. Yana da ɗan shago a Bosso inda yake gyaran kwamfuta, a gefe kuma ya jera guda uku da ɗalibai ke zuwa buga gem. Waɗannan guda ukun su ne ciwon kaina a gida. Mama ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai ta ce "mai gidan gem ɗin nan", tana yi tana tuna min Ndanusa, ɗan ƙawarta mai aiki a sakatariya, wanda ko sallamarsa na ji sai raina ya ɓaci. Baba kuwa tsohon makanikin jirgin ƙasa ne, ba ya son hayaniya. Magana ɗaya ya yi.

"Ba zan hana ki wanda kike so ba. Amma ya nuna min sana'ar da za ta riƙe gida kafin ƙarshen Afrilu. In bai nuna ba, mu bar maganar."

Ana cikin haka Allah ya kawo Oga Zamani. Mutumin kudancin Kaduna ne, ya daɗe a Minna yana sayar da kayan gini. Zai buɗe babban wurin wasan kwamfuta kusa da jami'a, mai kwamfuta goma sha biyu. Ya ce da Kamalu da wani Jonah mai shago a Sauka Kahuta, kowa ya haɗa guda ɗaya ta gwaji. Wanda tasa ta fi, shi zai haɗa sauran, kuma shi zai riƙe wurin, da albashi duk wata. Ranar da Kamalu ya faɗa min a saƙon waya na BBM, sai da na yi tsalle a tsakar gida har na yi fatali da robar wanke-wanke.

Washegari na shirya cikin atamfata mai ruwan zuma, na yafa baƙin gyale, na hau acaɓa sai Bosso. Na same shi ya duƙa a kan tebur, ya rubuta sunayen kaya a bayan wani kwali.

"Injiniya, zauna ki ga tsarina," ya ce. Haka yake kirana.

Na karanta, na ɗago. "Ina obakilokin?"

Bari in yi muku bayani a taƙaice. Kowace kwamfuta tana da ƙwaƙwalwa, ita ake kira furosesa, kuma kamfani ya yanka mata gudun da za ta riƙa yi. Obakilokin shi ne ka shiga cikin saitinta ka tilasta mata ta wuce wannan gudun. Sai dai tana ƙara gudu tana ƙara shan wuta, tana ƙara zafi. Kuma ba kowace ake yi wa ba, sai ka sayi mai tsada, irin mai harafin K a bayan lambarta, da bod, wato allon da ake dasa ta a kai, wanda zai yarda a taɓa shi, da babbar na'urar sanyaya.

Kamalu ya girgiza kai. "Ba na yi. Ƙarin kusan dubu arba'in da biyar ne fa. Me za mu samu a ciki? A gem ido ba zai ma gane bambancin ba. In na zuba kuɗin a katin hoto mai kyau, wanda shi ke fitar da hoton gem, ko wanda bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba zai ga hoton ya fi."

"Oga Zamani bai san katin hoto ba. Lamba ya sani. Wanda lambarsa ta fi girma shi zai ɗauka."

"Nabila, waɗanda kike karanta labarinsu a intanet a ƙasashen sanyi suke. Mu a Minna muke, kuma watan Maris ne. Ki taɓa bangon nan ki ji. Kuma da zarar an ɗaga gudun, in abu ya lalace ba wanda zai karɓa ya canza mana."

"Kai kullum sai tsoro."

"Ba tsoro ba ne. Shekara shida ina buɗe cikin abubuwan nan."

Ni kuma da takardar digiri a kaina, ga ƙarshen Afrilu yana matsowa, sai na faɗi abin da har yau yake cin raina. Na ce, "Shi ya sa Mama take cewa ba za ka taɓa wuce kwamfuta uku ba."

Ya kalli kwalin ya daɗe, sannan ya ɗauki biro ya ja layi a kan katin hoton da yake so, ya rubuta wani ƙarami a ƙasansa. Ya ce, "To. Za a yi yadda kike so."

Bayan mako guda kaya suka iso daga Legas a motar haya. Abin da ya tara bai kai ga babbar na'urar sanyayar ba, sai matsakaiciya ya samu. Tare muka haɗa ta, ni ina riƙe sukurai a tafin hannu, shi yana ɗaurewa. Ta yi kyau wallahi, baƙin akwati mai gilashi a gefe, fankarta tana haske shuɗi. Gudunta na asali uku da ɗigo huɗu ne. Ya ɗaga a hankali, yana ɗagawa yana duba zafi, har ya kai huɗu cif. Ya bar ta tana aiki tun safe har la'asar, ba ta yi ko tari ba.

"Nan zan tsaya," ya ce. "Ko ɗigo ɗaya ba zan ƙara ba."

Na yarda. Har ga Allah a lokacin na yarda.

Ranar Alhamis Oga Zamani ya kira ina zaune a shagon, muryarsa tana fitowa har inda nake. "Kamalu, na je wurin Jonah. Nashi ya kai huɗu da ɗigo biyar o! Asabar zan zo naka, ƙarfe biyu."

Kamalu ya kashe waya yana dariya. "A ɗaki mai na'urar sanyi, na minti goma. Ya kawo ta nan ta wuni mu gani."

Ni ban yi dariya ba. Na koma gida na tarar da Mama ta baza turmin atamfa biyu da leshi a kan gado, tana shafa su. Wai mahaifiyar Ndanusa ce ta aiko mata, tsarabar Kano.

"Tsaraba kawai, Mama?"

"To me kike so in ce? Mutanen kirki sun san hanyar gidan mutane. Ke kuma ki zauna jiran mai tara yara suna ihu a gaban talabijin. Saura mako nawa ma?"

Na shige ɗaki na rufe ƙofa. Huɗu da ɗigo biyar, huɗu cif. Lambobin nan biyu suka yi ta yawo a kaina, ko tuwon da aka zuba min ban iya ci ba. Bayan magariba na je na durƙusa gaban Baba, na roƙe shi ya zo ranar Asabar ya ga aikin Kamalu da idonsa. Ya dube ni ta saman gilashinsa, ya ce zai zo.

Ranar Juma'a na je shagon da sunan kai wa Kamalu dambun shinkafa. Da lokacin masallaci ya yi sai ya miƙa min makulli, ya ce in jira shi, akwai wuta, in kunna fanka. Ya ɗauki dardumarsa ya fita.

'Yan uwa, ba zan ce muku shaiɗan ba ne. Ni ce. Da ƙafata na tashi na yaye zanen da ya rufe ta da shi, da hannuna na kunna ta na shiga saitin. Na sa huɗu da ɗigo bakwai, don in wuce Jonah da tazarar da ba za a yi musu ba. Ta ƙi tashi. Na ƙara mata ƙarfin wuta. Ta tashi, allon ya yi shuɗi, ta mutu. Nan ya kamata in tsaya, na sani, an koya mana a aji. Na sake ƙara wutar. Ta tashi garau. Na sa gem ɗin tseren mota na minti goma ina kallon agogo, ban ga wata matsala ba. Ko zafinta ban tsaya dubawa ba, don ba na son in gani. Ina jin an fara fitowa daga masallaci na kashe ta, na mayar da zanen yadda yake.

Ya dawo ya ci dambunsa yana santi. Ba a jima ba aka ɗauke wuta. Ya ce ba zai ƙona mai ba, ya riga ya gama gwajinsa, man janareton na gobe ne. Sau uku na buɗe baki zan faɗa masa. Sai in ce a raina, bari gobe ya gani, zai gode min.

Asabar ta zo da zafin da ban taɓa jin irinsa ba. Baba ya sa shuɗiyar shaddarsa ta zuwa ɗaurin aure, wadda wuyanta ya fara koɗewa, da hula zanna. Mama ta ce ita ba ta zuwa kallon wasan yara. Muka shiga keke napep ni da Baba. Kamalu ya share shagon tas, ya aro kujerun roba, ya sayo lemo mai sanyi. Da ya ga Baba sai ya zube har ƙasa yana gaisuwa, sannan ya buɗe masa kwalbar lemo.

Oga Zamani ya iso yana share gumi da ƙaramin tawul, mutum mai jiki da fara'a. Ya gaisa da Baba hannu bibbiyu. Aka tayar da janareto, kwanon rufin shagon yana ta huci, fankar sama tana kaɗa iska mai ɗumi.

"Nuna min lamba tukuna," in ji shi.

Kamalu ya kunna, ya buɗe wurin da ke nuna gudu, yana cewa, "Yallaɓai, tawa huɗu ce cif, amma bari in yi maka bayanin dalilin da..."

Maganar ta tsaya a bakinsa. Huɗu da ɗigo bakwai, ga ta nan ɓaro-ɓaro a kan allo.

Oga Zamani ya buga cinya. "Kai! Kana ɓoye min, ko? Ya wuce na Jonah! Baba, yaron nan ya san aiki."

Kamalu ya juyo ya dube ni. Kallo ɗaya, bai fi ƙiftawar ido biyu ba. Babu faɗa a ciki, da ma akwai da na fi samun sauƙi. Na sunkuyar da kai ina murza bakin gyalena.

"Yallaɓai, ka ba ni minti biyar in gyara wani abu," ya ce.

"A'a, kar ka taɓa komai. Haka nake so. Sa min mota."

Ya zauna ya kama tsere kamar ɗan makaranta, yana karkata jiki duk inda motar ta karkata, yana ihu. Har Baba sai da ya murmusa. Kamalu ya jawo fankar tebur ya saita ta a gefen akwatin, ya cire murfin gilashin, ya tsaya a kanta. Ina jin fankar ciki tana ƙara kuka, tana ƙara kuka. Sau biyu ya ce, "Yallaɓai, ko mu ɗan huta ka sha lemo?" Oga Zamani ya ce shi ɗalibai ba sa hutawa, so yake ya ga ta yi awa guda.

Ba ta kai ba. Wajen minti arba'in motar ta daskare a tsakiyar kwana, sautin ya maƙale yana maimaita kansa. Allon ya mutu, ta yi yunƙurin tashi da kanta, sai muka ji ɗas, ƙara kaɗan kamar an taka busasshiyar gyaɗa. Hasken shuɗin ya ɗauke. Wani siririn hayaƙi ya taso, warin ƙonanniyar roba ya cika shagon.

Kamalu ya fizge wayar wutar daga bango. Ya jira, ya mayar, ya danna. Shiru. Ya sake dannawa.

Oga Zamani ya miƙe yana gyara wando. Fara'ar ta tafi. "In goma sha biyu ya yi min haka rana ɗaya fa? Ni ba na son abin da zai ƙone min gida. Yi haƙuri, zan yi tunani." Ya yi wa Baba sallama ya fita.

Baba ya ajiye lemonsa da bai sha rabi ba. Ya je ya leƙa cikin akwatin, ya sa bayan hannu kusa da ƙarfen sanyayar ya janye. Ya ce, "Nabila, mu tafi."

Ina shiga ɗaki na ɗauki waya.

"Kamalu don Allah ka yi haƙuri."

Ya karanta. Ba amsa.

"Na san na yi laifi. Ka zage ni ma na yarda."

Ya karanta.

"Me ya ƙone? Bod ne ko furosesa? Zan sayar da wayata da ɗan kunnena."

Wannan ko buɗewa bai yi ba. Na kira sau tara, tana shiga tana katsewa. Mama kuwa ta ji labari, tana tankaɗe a tsakar gida tana cewa, "Ai na faɗa. Wuta ma ya kusa sa wa mutane." Na cusa fuskata a filo don kar ta ji kukana.

Ranar Lahadi bayan la'asar ina wanke shinkafa na ji sallamarsa a ƙofar gida. Robar ta kusa suɓuce min. Baba ya sa aka shigo da shi falonsa. Mama ta taɓe baki ta ce in kai ruwa. Na ɗauki tire, na zo bakin labule, na tsaya. Na ce a raina shi ke nan, ya zo ya ce ya fasa, kuma ya faɗi dalili.

"Baba, na zo ba da haƙuri ne," na ji yana cewa. "Na sa ka baro gida cikin rana ka ga abin kunya. Ni na ɗaga gudun injin ya wuce ƙima. Son in burge ne ya ja ni. Laifina ne ni kaɗai."

Baba ya ce, "Kai ka ɗaga?"

"Ni ne, Baba."

"Nabila, shigo da ruwan nan. Ina ganin ƙafarki."

Na shiga na ajiye tiren. Kamalu yana zaune a ƙasa kan ledar ɗaki, cikin farin yadi, idanunsa sun faɗa. Bai kalle ni ba.

"Jiya na ji yaron nan da kunnena ya ce tasa huɗu ce," in ji Baba. "Na kuma ga fuskarsa lokacin da allo ya nuna wani abu daban. Ke kika karanta abin nan. Faɗa min, wa ya taɓa injin?"

Kamalu ya yi saurin cewa, "Baba, ai na ce..."

"Ba kai na tambaya ba."

Na durƙusa. "Ni ce, Baba. Ranar Juma'a, yana masallaci. Tun farko ya ce kar a yi, ya ce asarar kuɗi ce, ni na matsa masa. Ya tsaya a huɗu, na bi bayansa na ƙara. Bai sani ba sai jiya."

Na ɗauka in na faɗi gaskiya komai zai gyaru. Baba ya cire gilashinsa ya ninke, ya juya wajen Kamalu.

"Injin da ya ƙone bai dame ni ba, na ga manyan da suka fi shi sun ƙone. Amma ka shigo ɗakina, ka zauna a gabana, na tambaye ka, ka maimaita min abin da ba haka ba ne. In na ba ka ita, duk ranar da ta yi ɓarna haka za ka zo ka rufe min ido?"

"Baba, tsoro na ji kar a..."

"Tashi ka je. Zan neme ka."

Ya miƙe, ya yi sallama. Na bi shi har zaure ba ko takalmi. Yana sa nasa takalmin na ce, "Kamalu, don girman Allah ka ce min wani abu."

Ya tsaya, bayansa gare ni. "Na ba ki makullin shagona, Nabila." Iyakar abin da ya ce ke nan, ya fita.

Baba bai sake tayar min da maganar ba. Da na kai masa abinci ya ce in ajiye. Mama ce kawai ta shigo ɗakina, ta zauna a bakin gado, abin mamaki ba ta yi min gori ba. Ta daɗe tana kallon hannunta, sannan ta ce, "Shi Kamalun, da haka zai bari a ɗauka shi ya yi ɓarnar?" Na gyaɗa kai. Ta tashi ta fita. Sai da ta fita na lura sunansa ta kira.

Yau Litinin. Ina rubuta muku wannan a waya, ina zaune a kan turmi a tsakar gida. Ɗazu wajen ƙarfe tara Baba ya fito ya sa hularsa, ya ce in rubuta masa lambar Oga Zamani a takarda. Na duba wayata na rubuta masa. Na ce, "Baba, ina za ka?"

Ya ninke takardar ya sa a aljihu.

"Bosso," ya ce. "Ke kuma kar ki kuskura ki kira Kamalu ki ce ina hanya."

Minti arba'in ke nan da fitarsa. Sunan Kamalu yana nan a buɗe a gabana, yatsana yana kai, ban danna ba.